Ranar da Na Mai da Bangon Baba Garba Kayan Tarihi

Ba zan taɓa mantawa da makon samun 'yancin kai ba, ko da yake ba don tuta ko tambura nake tuna shi ba. Lokacin ina sabon malamin zane a wata makaranta a Bauchi, na dawo daga karatu kaina cike da sunayen masu zanen Turai (rabinsu ma ban iya faɗa daidai ba).

Kullum da la'asar nakan ɗauki fensir da takarda in shiga lungunan Ƙofar Dumi. Nan na tarar da wani zaure mai adon laka a goshinsa, na yi kwana huɗu ina zana shi. Da shugaban makaranta ya ce a baje ayyukanmu don bikin, zanen nan na kafa a tsakiya.

Baƙi suka cika ɗakin: iyayen yara, ma'aikatan En'e, har da wani Bature. Na gyara tsayuwa, na shaida musu adon nan ya haura shekara ɗari biyu, kuma sunan gwanin da ya yi shi ya ɓace. Na nuna wani layi da ya karkace, na ce alama ce ta hanyar fatake zuwa Gabas. (Wallahi a wurin na ƙirƙiro ta.) Bature yana ta rubutawa.

Sai wani dattijo ya yi gyaran murya daga baya. Baba Garba ne, magini, ya zo ganin aikin jikansa ɗalibinmu.

"Malam, a yi mini aikin gafara," in ji shi. "Bangon nan ni na yi shi, bara waccan. Wannan karkacewar kuwa, rina ce ta harbe ni ina kan tsani."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Bature ya tambayi abin da aka ce, wani marar tausayi ya fassara masa tiryan-tiryan. Ni dai na ga yana soke rubutunsa.

Amma tsohon bai yi dariya ba. Ya matso ya ƙura wa zanen ido, ya ce har wurin da ya danna babban yatsansa ya gani, bai taɓa zaton wani zai kula ba. Washegari ya zo ya ja ni gida-gida, yana gaya mini wanda ya yi kowane ado da sunan kowane zane. Na cika littafi uku kafin siminti da kwano su cinye yawancin zaurukan. Yau masu bincike ke sallama a ƙofata suna roƙon in buɗe musu littattafan.

Tun daga ranar, kafin in ce mai aiki ya mutu, sai na duba can bayan taro ko yana zaune.