Duwan na Bayan Saniya

Shekarar da aka aiko wata madam daga Kwatano don lissafin iskar da ke ɗumama duniya, ni aka ɗauka tafinta. Da ta ce shanu ma suna fidda wannan iska, na gyaɗa kai irin na masana. Wa bai san ta inda iska ke fita ba?

Washegari na riga ta isa Madekali, ƙauyen da za mu duba wani garken shanu, da ƙatuwar leda. Na ce wa Ardo, mai garken, "Aikin ƙasa ne, riƙe min wutsiya."

"Malam, ka tabbata?"

"Rahoton Benin duka ni yake jira."

Na durƙusa bayan wata saniya na tara leda. Saniyar ta ba da gudummawarta, amma ba iska ba, har cikin aljihun farar rigata.

A haka madam ta iske ni. Ta toshe hanci ta ce, "Gyatsa ce, ta baki. Kuma ƙirga shanun kawai za mu yi."

Ardo ya ce, "Mi ta ce?" Dole da bakina na fassara.

Har yau in na shiga kasuwar Malanville, mahauta, da suka laƙaba min Duwan, wato ɗan kwastan, kan ɗaga murya: "Duwan! Ga saniya za ta ƙetare gadar kan iyaka, ba ka duba bayanta?"