Kuɗin Shigar Tanimu a Zaman Makoki

Wani mutum ne a layinmu, Tanimu mai tireda, wanda bakinsa ya fi shagonsa kaya. In ya sayar da kwalin ashana, sai ka rantse tirela ya sauke.

Da yayana Hashimu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar marayu da injin niƙa guda. Ranar sadakar uku dattawa suka zauna a ƙofar gida, ana neman wanda za a damƙa wa injin ya juya wa yara. Sai ga Tanimu fankam-fankam da hula a ka, cikin babbar riga ruwan toka, yana ta saɓa ta a kafaɗa. Ko ta'aziyyar kirki bai yi ba ya baje a tabarma.

"Kawu Sabi'u, a ba ni injin nan kawai. Ni kuɗin shigar da nake samu a wata sun haura miliyan biyu!"

Wani baƙo mai tabarau da ke gefe ya gyara zama. "Ikon Allah! Miliyan biyu, Alhaji?"

Jin an kira shi Alhaji, kan Tanimu ya kumbura suntum. "Wannan fa watan da kasuwa ta mutu ke nan!"

"Kuma duk kuɗin shiga ne?"

"To mene ne? Duk abin da ya shigo hannunka ai kuɗin shiga ne. Dattawa, ku shaida!"

"Sun shaida," in ji baƙon. "Ni abokin marigayi ne, ma'aikacin haraji. Kwanan nan aka dawo da ni yankinku. Yarana sun ce kullum kuka kake musu, wai ko sisi ba ka gani. Gobe zan leƙo mu yi lissafi a kan miliyan biyun."

Gumi ya karyo wa Tanimu sharkaf.

"Yallaɓai, tsaya! Shiga suke yi, amma ba sa kwana! Ta ƙofa su shigo, ta taga su fice fit! Kayan na dila ne, in na sayar in kai masa. Shagon haya ne. Sikelin na maƙwabci ne. Riba kuwa, wallahi ko koko ba ta saya mini da ƙosai!"

"Haba Alhaji, mai irin wannan riga?"

"Wane Alhaji? Ko Kaduna ban taɓa wucewa ba! Rigar ma aro ce, aro!"

Kawu Sabi'u ya ɗago kai a hankali. "Aro a wurin wa?"

Muryar Tanimu ta koma ta sauro. "Marigayi… tun bikin bara."

"Af! Ashe ta marayu ce. Tuɓe, a sa cikin gado."

Nan a gaban jama'a ya tuɓe. Sai ga singileti duk huji kamar rariya. Ya rungume ƙirji ya sulale sumui-sumui, har ya kusa shan kwana, Kawu ya ɗaga murya:

"Alhaji mai miliyan biyu! Hular fa?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya cire, ya ajiye a kan dakali.