Tantin da na kafa a gidan surukaina

Sati ɗaya da ɗaura aurenmu na sanar cewa yawon amarci a saharar Nijar za mu yi, a tsakiyar bazara. Za mu bi rairayi da mota ƙirar jif, mu kwana a tanti. Surukina ya ce ba da 'yarsa ba, zafi zai kashe ta.

Na ce, "Baba, ai tantin zamani ne, iska yake ja."

Don in gamsar da shi, na kafa tantin a tsakar gidansu a Gwagwalada da ƙarfe biyu na rana. Na shiga da babbar riga, na ja zif ɗin ƙofar, na ce awa guda zan yi.

Minti goma ban cika ba na tuɓe, saura singileti da gajeren wando. Na nemi fita, zif ya ƙi. Na fara kiran amarya a hankali, daga baya na kira kowa. Surukata ce ta farke tantin da almakashi, ta gan ni, ta juya baya tana salati.

A falonmu muka yi amarcin. Har yau in na je gaisuwa, Baba ba ya amsawa sai ya ce, "A kunna wa mutumin sahara fanka."