Yadda Abu Burushi Ya Jera 'Yan Kurket

Duk wanda ya ce Jidda ba ta haifi gwani ba, to bai taɓa tsayawa a lungun Balad, tsohuwar unguwar birnin, da hantsi ya ga fitowar Ustaz Musbahu ba. Mutum ne da baiwa ta yi wa yawa, har sai da ya sayi jakar fata yana zuba ragowar. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya sauko daga jirgin ruwa da niyyar Hajji, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Shekara da shekaru Musbahu yana rubuta allunan shaguna. Rabin gasassun kajin da ke murmushi a saman ƙofofin shagunan unguwar Bagdadiyya daga hannunsa suka fito, kuma kowace kaza da girarta.

Da aka gyara tsofaffin gidajen Balad, baƙi suka fara yawo da kyamara, aka buɗe ɗakunan nuna zane, sai Musbahu ya wayi gari ya gane cewa tun farko kuskure mutane ke yi da suke ce masa mai fenti. Shi fannan ne, irin wanda ake tsayawa gaban aikinsa a riƙe haɓa. Ya sayi gyale ya naɗa a wuya, a cikin wannan zafi na Jidda. Ya daina amsa sallama da wuri. Maƙwabta suka raɗa masa Abu Burushi, ya ji, ya karɓa a matsayin sarauta. Matarsa Zinariya ce kaɗai ta ci gaba da aikensa sayo burodin tamis da waken ful da safe. Yana zuwa kuwa, amma da gyalensa.

Abu ɗaya ya rage masa, babban bango. Ya sha faɗa a majalisa cewa ranar da ya samu bango daidai da shi, masu ɗakunan zanen nan da ƙafarsu za su zo ba shi haƙuri.

Bangon ya zo ta hannun Nuraddeen, wani mutumin Fakistan mai gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa, inda 'yan dako da ma'aikatan sito ke cin shinkafar biryani. Nuraddeen ya faɗaɗa wurin, ya samu dogon farin bango, ga shi kuma ya daɗe rabonsa da ƙauyensu. So yake a zana masa wasan kurket da ake yi a filin ƙauyen bayan girbin alkama, wasan da marigayi mahaifinsa ya yi suna a ciki wajen jifa. Yana bayani idonsa na kawo ruwa. Ya jera kofunan shayi a kan tebur: ga mai jifa, ga mai duka da faffaɗar sanda a gaban wasu sanduna uku, ga wanda ke tsugune a bayansa, ga sauran mutum tara a warwatse, kowa a inda ake zaton ƙwallo za ta biyo. Ya ce matsayar taran nan ita ce ran wasan. Ɗan kurket in ya dubi fili, daga nan yake sanin ko kyaftin yana da hankali.

Musbahu ya ɗauki ɗaya daga cikin 'yan wasan ya shanye.

"Halas, magana ta ƙare, ya sadik," in ji shi. "Kai abinci ka sani, ni ido na sani. Hannun da ya sa kaza ta yi murmushi, mutum goma sha ɗaya ne za su gagare shi? Je ka dafa shinkafarka."

Zanen gwaji na farko ya zo da 'yan wasa a layi guda, wannan bayan wannan, kamar masu jiran a sabunta musu iƙama, katin zaman ƙasa. Nuraddeen ya girgiza kai. Na biyu ya zo da raga da mai tsaron gida, domin a cewar Ustaz, wasan da babu raga ai yawo ne. Nuraddeen ya dafe kai, ya roƙe shi don Allah ya zo ran Juma'a bayan la'asar filin da ke bayan sito, inda ma'aikata ke buga wasan, ya gani da idonsa.

Kafin Juma'a duk lungun ya ji cewa Ustaz zai fita binciken ilimi. Ya sa farar tob ɗinsa, jallabiya sabuwar guga, ya ɗora gyale, ya hau tasi da allonsa, rabin allon a waje.

Filin ba wani abu ba ne illa ƙasa da tsakuwa a tsakanin kwantenoni. Ƙwallon ma ta tanis ce aka naɗe da salatif. Ƙungiyar masu cin abinci a wurin Nuraddeen ce ke karawa da direbobin tirela, kuma an shekara ana jiran wannan haɗuwa. Musbahu ya kafa allonsa, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa burushi yana auna duniya. Bai daɗe ba abin ya fara yi masa ciwo. Mutane a watse kamar an zubar da wake. Wasu sun juya masa baya, shi da ya zo zana su. Wani bawan Allah can nesa shi kaɗai a bakin kwantena, sai ka ce an yi fushi da shi.

Mai jifa ya ɗauko gudu ke nan, Ustaz ya ratso tsakiyar fili da burushi a sama.

"Ku tsaya. Wannan ba tsari ba ne, tarwatsewa ce. Ido yana son haɗin kai. Kai dogo, koma baya. Kai gajere, matso gaba. Wancan maraya na bakin kwantena, a kira shi ya shigo cikin 'yan'uwansa. Yalla."

Ma'aikatan suka dubi farar tob, suka dubi gyalen, suka ji Larabcin garin tsantsa. Wani ya raɗa cewa mai filin ne. Wani ya ce a'a, daga baladiyya yake, hukumar gari, kuma in ya fusata an daina wasa a nan ke nan. Nuraddeen yana ta ɗaga hannu daga gefe, babu mai kallonsa. Cikin ladabi mutum taran nan suka taru a inuwar kwantena, dogaye a baya, gajeru a gaba, suna fuskantar Ustaz kamar hoton biki. Ya ce kada wanda ya motsa sai ya gama fitar da surarsu.

Direban da ke riƙe da sanda ya dubi damansa, ya ga fili fetal har kusan teku. Ya ɗan taɓa ƙwallo ta gangara can. Shi da abokinsa suka yi ta kai da komowa suna tara maki, suna gudu suna dariya, har ɗayan ya zauna a ƙasa ya ce ya ƙoshi. Mutanen Nuraddeen suna tsaye a inuwa, idanunsu kaɗai ke bin ƙwallo. Ranar aka yi musu cin da ba a taɓa yi wa kowa ba a filin nan.

Musbahu ya dawo gida ya gaya wa Zinariya cewa ya gyara wani wasa da aka yi kaka da kakanni ana bugawa ba daidai ba.

Daga nan ya rufe bangon da tamfol, ya haramta leƙe. Kullum Nuraddeen ya zo da kofuna zai sake bayani, sai Ustaz ya ce mafi mushkila, wai babu matsala, ya nemi ƙarin nama.

Ranar buɗewa gidan ya cika bayan sallar Juma'a. Musbahu ya gayyaci duk masu ɗakunan zanen Balad, ko ɗaya bai zo ba. Ya ce tsoro ne, kuma bai ga laifinsu ba. Zinariya da 'yarsu Layan suka zauna a ɓangaren iyali. Ustaz ya hau kujera.

"Jama'a, abin da za ku gani ba fenti ba ne. Na ɗauki ƙauyen da ban taɓa zuwa ba, na mayar da shi yadda ya kamata ya kasance. Duk wanda bai fahimta ba yau, kada ya damu, jikokinsa za su fahimta."

Ya ja tamfol.

Gaskiya ƙauyen ya yi kyau. Ga alkama jajir, ga rijiya, ga bauna kwance tana kallon duniya. Ga mahaifin Nuraddeen a tsakiya, an ɗauko shi daga tsohon hoto, hannu a sama zai yi jifa, kamar ya yi magana. Nuraddeen ya sa gefen riga ya share ido. Sannan idon ya matsa hagu.

Mutum taran nan suna ƙarƙashin wata babbar bishiya, a inuwa, dogaye a baya, gajeru a gaba, sun ba mai duka baya, suna yi wa masu cin abinci murmushi. Ɗaya ma da kofin shayi a hannu. Ɓangaren dama kuwa babu kowa, sai wani ƙaton mutum da farar tob da gyale, ya fi bishiyar tsawo, ya nuna sama da burushi. A ƙasan ƙafarsa an rubuta Kaptan, wato kyaftin, da manyan haruffa, don kada a yi kuskure.

Kowa ya ƙura wa bangon ido. Sai wani ya ƙware da shinkafa. Daga nan gidan ya fashe. Manya da furfura suka kifa kai a tebur suna bubbuga shi. Gardama ta ɓarke a kan maki nawa makaho zai ci a wannan fili kafin magariba. Musbahu yana kan kujera yana rusunawa dama da hagu, hannu a ƙirji.

Nuraddeen bai yi dariya ba. Ubansa ne a bango, zai yi jifa har abada, babu mai tare masa ƙwallo. Amma labari ya zaga tashar. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa don su ga filin da idonsu, kuma wanda ya zo kallo sai ya ci abinci. Tebur bai sake zama babu kowa ba. Kowa yana ci yana nuna Kaptan da cokali, yana faɗin ra'ayinsa a kansa da Urdu ko Bangali. Musbahu ba ya jin ko ɗaya. Kullum yana zuwa ya zauna a ƙarƙashin hotonsa, yana gyaɗa kai, yana amsa godiya. Aka yi ta ɗaukar hoto da shi. A titi direbobin tirela na danna masa ham suna kiran Kaptan, shi kuma yana ɗaga musu yatsu biyu kamar mai raba albarka.

Zinariya ta ce, "Abu Layan, ni dai ban taɓa ganin yabon da ake yi ana riƙe ciki ba."

Ya ce mata al'adarsu ce, sai wanda ya yi nisa a ilimi yake ganewa.

Sannu a hankali masoya suka fara jifan hancin Kaptan da ɓawon lemun tsami, ana gasar wa zai samu. Nuraddeen ya gaji da goge bango. Shafe zanen kuma ba zai iya ba, mahaifinsa na ciki. Sai wata safiya ya sa aka turo babban firjin lemo, aka jingina shi a ɓangaren dama, ya rufe Kaptan tun daga takalmi har burushi.

Da Musbahu ya zo ya gani, ya dubi firjin sama da ƙasa. Sannan ya gyara gyale, ya sanar da na kusa cewa haka ake yi a manyan ƙasashe, abu mai daraja ba a barinsa a fili kowa yana taɓawa.

Masana kurket na tashar kuwa suka ja kujeru, suka duba sabon tsarin da kyau, suka auna daga sandar mai duka zuwa ƙofar firjin. A karon farko tun da aka buɗe gidan bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce a duk bangon nan, firjin ne kaɗai ɗan wasan da ya tsaya inda ya kamata.