Injin Dikko Mai Yawon Arziki

Jama'a, yau ƙafafuna sun ci ƙasa a Birnin Kebbi, daga wannan ofis zuwa wancan, ina rakiyar maƙwabcina Dikko neman injin ban ruwansa. Ba ɓarawo ya ɗauka ba. Da ɓarawo ne ai da sauƙi, ɓarawo ba ya kiran maroƙa.

Dikko manomin albasa ne a fadamar Ambursa. Bara ya sayar da bijiminsa ya sayi injin, ya fi kula da shi a kan kansa. Mako uku da suka wuce wasu masu manyan riguna suka zo, wai Mai Girma Uban Manoma, Inuwar Marasa Inuwa, zai ƙaddamar da rabon injina, amma kayan suna hanya daga Ikko. A ara musu nasa na yini ɗaya. Dikko, sarkin kunya, ya ba su.

Aka wanke injin, aka shafa masa koren fenti, aka rubuta sunan Mai Girma a jiki. Aka kwaso 'yan kallo cikin tifa biyu daga kasuwa, har da ni, kada in yi muku ƙarya, don an ce akwai shinkafa. Maroƙi ya wage baki, aka kira Dikko gaban jama'a aka damƙa masa injinsa. Mai hoto ya ce ya yi dariya. Ya yi. Mu kuma muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja.

Kafin la'asar injin ya hau mota, wai akwai wani bikin gobe a Argungu. Daga can aka zarce da shi ƙauye-ƙauye, ko'ina a sami wanda zai karɓa ya yi dariya. Rediyo kuwa safe da yamma, an raba injina ɗari biyar. Wallahi sai da na ji abin sau ashirin na fara ce wa matata Maryamu gaskiya mutanen nan suna ƙoƙari. Ta ce in leƙa fadamar Dikko tukuna. Na leƙa. Albasa ta kwanta, ganyen ya yi rawaya, Dikko da iyalinsa suna jido da bokiti. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar tafin da na yi.

To yau muka sami wani babban ma'aikaci, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Dikko ya cire takalmi ya durƙusa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mutumin ya jawo jarida, ya nuna masa hotonsa, haƙora duk a waje.

"Wanga ba kai na ba?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Amma injin nawa na, aronai aka yi."

"Malam Dikko, kai kaɗai aka ba inji gaban dubu, ka dawo kana kuka? 'Yan adawa sun ka turo ka?"

Dikko da ko jam'iyyun bai iya bambancewa ba, sai ga shi yana rantsuwa yana ba da haƙuri. Aka ba shi jaridar kyauta, ya naɗe ya sa aljihu. A hanya ya tambaye ni ko albasa za ta kai Juma'a. Shi ma ya san ba za ta kai ba.

Yanzu na ji a rediyo wai wata mai zuwa za a raba wa talakawa kekuna dubu. Tuni na kwance ƙafafun kekena, Maryamu ta tura su ƙarƙashin gado.