Rigar da Na Gada a Rumfar Dillali

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da rigar nan 'yar tsamiya ba. Har gobe in na ga babbar riga rataye a rumfar dillali sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ana kashe fam da sule ne, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ina ƙaramin malamin firamare a Potiskum, ina hayar ɗaki guda a unguwar Hausari. Abin da na mallaka a duniya keke ne, da wando biyu, da baki. Bakin kuwa ya fi keken gudu. Ina neman wata yarinya, Adama, wadda ke zaune wurin gwaggonta a unguwarmu. Iyayenta suna Danchuwa, ban taɓa ganin mahaifinta ba, sunansa kawai na sani, Malam Maina. Da magana ta yi nisa sai gwaggon ta aiko cewa ranar Juma'a in je in gaishe shi. In na kwanta masa a rai, manyana su shigo maganar. In ban kwanta ba, akwai ɗan wani mai shanu daga Nangere da ke ta zarya, shi kuma ba da keke yake zuwa ba, da babur.

Sai matsalar riga ta taso. Ba a zuwa gaida suruki da 'yar shara.

Abokina Modu, Babarbare ne mai gyaran rediyo, ya ce in bar masa komai. Modu bai taɓa sayen sabon abu ba tun da uwarsa ta haife shi (ina zargin ma shi kansa a gwanjo aka samo shi). Ranar kasuwa ya ja ni layin 'yan gwanjo da dillalai, muka bi rumfa rumfa. Ga kwat na Turawan da suka tafi gida, ga takalman soja, ga akwatunan ƙarfe, ga tasoshin tagulla da tsofaffin takubba, ga wani agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu ya ƙi gaba. Komai sai Modu ya ɗaga, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki, ya ajiye.

Ya ce, “Ka ga, Malam, gwanjo ilmi ne, ba irin naku na allo da alli ba. Duk abin da ranka ya so, kada ka bari fuskarka ta nuna. Ka kushe shi. Ka zage shi tas. Kowane aibi ka ambata, sule guda ya faɗi.”

Da ma ya gaya wa wani, ba ni ba.

A rumfa ta ƙarshe na gan ta. 'Yar tsamiya ce mai aska biyu, aikin hannu, irin wadda in ka sa ko ba ka da sisi sai an matsa maka a tabarma. Ta sha jiki kaɗan, akwai jirwayen goro a ƙirji da 'yar ƙunar garwashi a gefe, amma wallahi riga ce. Dillali ya ce fam shida. Modu ya hango wani tsohon garmaho a rumfar da ke kusa, ya bar ni da aikin da ya koya mini.

Na gyara tsayuwa. Na ce wannan ai tsumma ce. Na ce mai ita da ƙirji yake cin goro, ba da baki ba. Na ce ƙunar nan alama ce ta mutumin da ke gyangyaɗi a bakin murhu kamar mage. Dillali yana ta cewa albarka, amma ina ganin farashi yana saukowa, sai daɗi ya ɗebe ni. A gefen rumfar akwai wani dattijo siriri, da 'yar shara da ta koɗe, zaune a buzu yana jan carbi. Don in sami shaida, na kai masa wuyan rigar har gaban hanci.

“Baba, don Allah dubi wuyan nan. Mai rigar nan yana wanka kuwa?”

Ya dubi wuyan da kyau, ya dube ni, ya ce, “Da salla yana yi.”

Na yi dariya har da buga cinya. Modu ya dawo daidai nan, shi ma ya taya ni. Na taya fam uku da sule goma, na ce ko sisi ba zan ƙara ba. Dillali ya saci kallon dattijon, dattijon ya sunkuyar da kai kaɗan, sai dillali ya ce ya sallama. Na ga wannan kallon da idona, amma ban karanta komai a ciki ba, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu. Sai daga baya na san cewa mai kaya yakan zauna kusa da dillali ya yi kamar ba ruwansa, don kada a san shi ne buƙata ta kama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sha riga, na kafa hula, na ɗauki Modu a bayan keke sai Danchuwa. Kafin mu isa ya ja mini kunne: ango ba ya magana, aboki ke yi. Ni dai in durƙusa, in kalli ƙasa, in ce amin.

Aka yi mana iso zaure. Na cire takalmi tun daga nesa, na shiga a sunkuye, na zube a gefen tabarma, ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ƙafafun mutane kawai nake gani, kamar shida ko bakwai, dattawan gidan. Modu ya fara gaisuwa, sai na ji muryarsa ta sarƙe a tsakiyar “ina gajiya”. Ya mintsine ni a cinya. Na ɗauka yabo ne, wato ladabina ya yi.

Wata murya a hankali ta ce, “Malam, wannan riga taka ta yi kyau. A ina aka yi maka ita?”

Modu ya sake mintsinina, har da murɗawa. Abin da ya kamata in ce shi ne “Allah ya ƙara girma”, in rufe bakina. Amma ta yaya malamin makaranta zai ce a gwanjo ya sayi rigar zuwa neman aure? Ga kuma mai babur a raina.

Na ce, “Gado ce, Baba. Ta kakana ce. Daga Borno ya zo da ita, tun yana yi wa manya fatauci. Wannan goron da ke ƙirji ma nasa ne, shi ya sa muka ƙi wankewa, don albarka.”

(Kakana Bafillatani ne makiyayi. Bai taɓa sa rigar da ta wuce gwiwa ba har ya koma ga Allah.)

Wani daga cikin dattawan ya yi tari irin na mai danne dariya. Sai muryar nan ta ce, “Allah ya jiƙan kakanka. Shi ma da salla yake wanka?”

Na ɗaga kai.

Shi ne. Siririn dattijon nan, da 'yar shararsa da ta koɗe, da carbinsa. Malam Maina.

Jama'a, na ji kunya a rayuwata, amma wannan daban ce. Gumi ya keto mini tun daga ƙarƙashin hula har cikin wuyan rigar da na gama zagi. 'Yan'uwansa duk sun san rigar, shekara da shekaru suna binta salla. Dariyar da suke dannewa ta ƙwace, wani har da kwanciya. Modu, amintaccen abokina, ya ja jikinsa ya matsa nesa da ni kamar bai taɓa ganina ba. Na fara kiciniyar tuɓe rigar a gaban surukai, kaina ya maƙale a ciki, ina ba da haƙuri daga cikin tsamiya.

Malam Maina ya ce, “Mayar da abarka, ka saya da kuɗinka.” Da aka natsu sai ya ce, “Tun da aka ce mini wani malami yana son Adama na san kayan ɗaki na tafe, gero kuma bai yi ba bana. Shi ya sa na kai ta kasuwa. Na so in yi mata gadon ƙarfe da jeren kwanoni. To, ka rage fam biyu da rabi. Sai dai kwanonin.”

Nan dariya ta ɗauke. Ni kuwa da duka ya sa aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tabbata shi ke nan, mai babur ya ci.

Amma bayan kwana uku ya aiko a turo manya. Wai ya ce wa gwaggon, yaron maƙaryaci ne, amma bai iya ba, kuma wanda ya iya ciniki haka ba zai bar 'yarsa da yunwa ba.

Aka ɗaura aure, aka kawo amarya da kwanoninta reras, babu gado. Wata takwas muna kwana a tabarma kafin na iya saya, sabo fil, ban yarda Modu ya raka ni ba. Duk safiyar da na tashi ina dafe ƙugu, sai Adama ta ce, “Sannu, jikan attajirin Borno.”

Rigar na sa aka wanke, aka buga, na kai masa ana gobe babbar salla. Ya juya wuyan, ya duba, ya ce, “To, bari in je in yi wankan.”

Tun daga ranar, in na shiga gwanjo ina yin ciniki, amma kafin in kushe kaya sai na fara duba wanda ke zaune a gefen rumfa yana jan carbi, in tambaye shi ko yana da 'ya mace.