Ranar da Na Karɓi Haihuwar Karyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so mantawa, mutanen Garagumsa ba za su bar ni ba.

Ni sazfam ce, wato ungozomar asibiti. Shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa a cikin Damagaram, har ta kai in na yi tari a ɗakin naƙuda sai mata su gyara kwanciya. Da wannan girman kan na bi maigidana ƙauyensu, Garagumsa, gaishe da iyayensa.

Surukina, Baba, yana da wata karya ja mai suna Duna. Ita ke gadin garkarsa ta kayan miya, ita ke korar awaki da masu dogon hannu, ga shi idonsa ya fara rauni, ita ke shiga gaba yana bin ta. Mun iske ta da tsohon ciki, tun jiya ta ƙi cin abinci, tana haki, tana tonon rami a gindin rumbu. Da hantsi ta fara yunƙuri.

Kun san tsakanin suruki da matar ɗa. Ni da Baba ba mu taɓa haɗa ido ba, balle doguwar magana. Komai sai ta bakin Inna, matarsa. Shi ne ya ce da ita, "Ki ce wa Madam, tunda Allah ya kawo mai ilimin abin, ko za ta duba mana."

Da mai hankali ce sai ta ce ba fanninta ba ne. Ni kuwa na gyara ɗaurin kallabi na taka zuwa rumbu. Na tsaya taku uku daga karyar, na tattare zanena (sabon atamfa ne, ga alwala a jikina), na leƙa, na yanke hukunci.

"Inna, ki ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Naƙuda haƙuri take so. A jira."

Aka jira. Duna tana ta yunƙuri da ƙarfi, ba abin da ya fito. Can sai ga wani ruwa kore-kore, duhu-duhu. Wallahi da a jikin mace na ga wannan, da tuni na tada asibiti da ihu. Amma da Inna ta nuna mini, sai na ce, "Ciyawa ta ci." Ni da bakina. Shekara goma sha tara.

Baba ya yi shekaru yana ganin karnuka suna haihuwa, ya san abin ba daidai yake ba. To amma yaya zai ƙaryata matar ɗansa a gaban jama'a? Sai ya bi ta lallami: "Ki tambayi Madam, ko a kira abokin aikinta na dabbobi ya taya ta, kar ta gaji."

Na ce, "Inna, don karya za a taso likita daga Takieta? A jira."

Har na koma yi wa karyar faɗa irin wanda nake wa masu haihuwar fari: "Ke, daina ragwanta, yunƙura." Matan maƙwabta sun cika gidan suna gyaɗa kai, wai yau Duna ta samu gata.

Da azahar Duna ta daina yunƙurin, ta zube, harshe waje. Na sanar cewa hutawa take. Baba ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida. Ashe ba alwala ya je ba, salula ce a aljihunsa.

Ba a jima ba likitan dabbobi ya iso a kan babur. Matashi ne da na girme shi nesa ba kusa ba. Bai tattare komai ba, ya durƙusa cikin ƙasa, ya sa safar hannu.

"Baba, tun yaushe take yunƙuri?"

"Tun hantsi."

"Wannan koren ruwan fa, kafin ɗa ya fito aka gan shi?"

Inna ta ce eh.

Ya girgiza kai. "Karya in ta yi rabin awa tana yunƙuri da ƙarfi ba ɗa, kira ake yi. Koren ruwa kafin ɗan fari kuwa, mabiyiya ce ta rabu, ɗan na cikin haɗari. Wa ya ce ku jira?"

Ina jin idanun mata goma sha a kan ƙeyata. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Sai Baba, yana kallon ƙasa, ya ce, "Ni ne, ɗana. Tsufa ne."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitan ya zaro ɗan farko da ya gicciye a hanya, matacce. Na biyu ma haka. Ya yi mata allura, sai ga na uku da rai. Duna ta ɗago kai ta yage jakar da ɗan ke ciki, ta hau lasa, ta haɗiye mabiyiyar. Ni da ya kamata in yi shiru har gobe, sai na zabura: "Za ta cinye shi!"

Bai ko juyo ba. "Hajiya, haka suke yi. Wannan shi ne lafiya lau." Sannan ya ce da Inna, "Wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin haihuwa ba, ku kai ta inuwa ta zauna."

Ba wanda ya gyara masa. Ni ma ban gyara ba, na tafi inuwar.

Duna ta rayu, ta ƙara haifar biyu, 'ya'ya uku ke nan masu rai. Biyun da suka mutu Baba ya binne su a bayan garka, kuma har yau bai taɓa tada maganar ba. Ni ce nake tuna su.

Yanzu ko kaza aka ce in duba, cewa nake a kira mai ita da mai iliminta. Cikin 'ya'yan Baba ya riƙe mace ɗaya, ita ke masa jagora yanzu. Duk sanda muka je gaisuwa, ina durƙushe kaina a ƙasa, sai in ji ya kira ta a hankali, da sunan da Inna ta raɗa mata: "A-jira, zo nan."